Maƙerin Asabar da Lahadi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙirar Marmari

Aikina na albashi koyarwa ne a wata lakwal a nan Yamai. Asalina Tawa, kuma duk danginmu, ta wajen uwa da ta wajen uba, babu wanda ya taɓa riƙe masaba. Amma yau shekara 6 ke nan ina hura wuta ƙarƙashin wata ƴar rumfar kwano a kusurwar gida, Asabar da Lahadi, ina bugun ƙarfe don marmari. Tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta maimaita mini, a fada wajen shayi da kuma ta WhatsApp, shi ya sa na tara su wuri guda.

Ban gaji ƙira ba. Ba shisshigi ba ne in taɓa ta?

Kowa da wannan yake farawa, ko da bai furta ba. Ƙira a ƙasar Hausa gado ce. Akwai gidajen maƙera, akwai Sarkin Maƙera, akwai kirari da asirai da wasan wuta da ɗa ke karɓa daga uba, kuma maƙera na jingina sana'arsu ga Annabi Dawuda, wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe. A Adar ɗinmu abin ya ma wuce bugu. Kakannin maƙeran yau su ke haƙo tama, su gina dogon murhu na yumɓu, su narka ta har ƙarfe ya fito. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Échard, ta zauna da su a shekarun 1960 ta rubuta yadda suke yi, a daidai lokacin da ƙarfen matattun motoci ya riga ya fara kashe narkar tama. A Termit kuwa, can gabashin ƙasar nan, masu tonon tarihi sun samu alamun aikin ƙarfe da suka girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Wanda zai shiga wannan gida, to ya shiga da sallama.

Ni da goro na tafi wajen wani dattijo da ke ƙira a gefen kasuwar Katako. Na durƙusa na ce, "Baba, sannunku da aiki. Na zo ne ku koya mini abin da kuka ga ya dace da ni." Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi tafin hannuna, ya ce, "Mushe, kai da alli ka saba, me za ka yi da masaba?" Bai jira amsa ba, ya nuna mini zuga-zugi da haɓa. Asabar uku ina zuga kawai, yaransa na mini dariya. Ta huɗu ya miƙo mini guntun ƙarfe.

Sharaɗi biyu na riƙe tun ranar. Ba na kai kayana kasuwa kusa da nasu, kuma ba na wasa da wuta. Wannan nasu ne.

Wane kaya ne ba makawa sai da shi?

Abin da za ka bugi ƙarfe a kai, abin da za ka buga da shi, abin hura wuta, awartaki guda, magagari, da bokitin ruwa. Shi ke nan.

Masu kallon bidiyon maƙeran Amurka da Ingila su kan ɗauka sai da ƙatuwar uwar maƙera mai ƙaho, mai kilo 100. Je ka Katako ka gani. Uwar maƙerar Bahaushe ƴar dunƙulen ƙarfe ce da aka kafa cikin gungumen itace ko a ƙasa, fuskarta ba ta fi tafin hannu ba, kuma a kanta ake fitar da hauya da gatari da laujen da ke ciyar da ƙasa. Kan ƙatuwar guduma mai kilo 5 ko fiye, ko guntun sandar ƙafar babbar mota da aka yanke aka tsayar, duk sun isa. Abin lura shi ne ta kafu daram, nauyin ya kasance daidai ƙarƙashin inda kake bugu. Wasu na tambayar guntun layin dogo. A Nijar wannan sai dai labari: layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 kayan gwamnati ne, kada marmari ya kai ka gidan kaso.

Masaba kuwa, mai gram 800 zuwa kilo 1 ta ishi mai koyo. Mai nauyi tana burge ido, tana kashe gwiwar hannu.

A zaune ko a tsaye?

Yadda jikinka ya saba. Ni na fara a zaune kamar yaran Baba, bayana ya ƙi, na koma tsaye. In a tsaye ne, ka saki hannunka ka dunƙula shi: inda gaɓoɓin yatsunka suka tsaya, nan ne tsayin fuskar uwar maƙera.

Gawayi fa? Kuma zuga-zugi ko fanka?

Tambayi kowane maƙeri, zai ce maka ƙirya. Gawayinta na da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Sai dai ƙirya ta yi wuya, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga daji da gatari. Gawayin kasuwa na shayi ma yana aiki in ka zaɓi mai nauyi, mai amo in an buga shi. Farfasa shi ya koma kamar girman goro, ka tankaɗe garin. Manyan dunƙule na barin rami, iska ta bi ta ci maka ƙarfe. Akwai kuma gawayin ƙasa da ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, wanda ake gasawa a sayar don girki. Yana kai zafi, amma tokarsa da yawa, sai kana kwashe kashin da ke taruwa a bakin bututu.

Zuga-zugin fatar akuya ba ya son wutar lantarki, amma yana son mutum na biyu. Wanda ke aiki shi kaɗai ya nemi fankar hannu irin wadda ake haɗawa da ƙafar keke, ko ƴar fankar mota da batir. In fankar lantarki ce, ka sa makunninta inda ƙafarka za ta kai. Duk lokacin da ƙarfe ke kan uwar maƙera fanka kuma na gudu, kuɗinka ne ke ci.

A ina zan samu ƙarfe, kuma yaya zan gane mai kyau?

Katako da feray ɗin Turaku, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa, da garejin duk wani makaniken da kuke mutunci. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe shi ne yawan kabon da ke cikinsa. Ƙarfen ƙofofi da tagogi na masu sudur bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba: yana da daɗin bugu, amma ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi taurin riƙe kaifi ba. Lam ɗin mota, faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta wanda ƴan Najeriya ke ce wa sifirin, yana wajen kashi 0.6, shi ne abincin wuƙa da gatari da adda. Tsohon magagari yana kai kashi 1 ko fiye, yana ba da kaifi kamar aska amma ba ya yafe kuskure. Ƙarfen zubi kuwa, irin na gangar injin mota, yana da kashi 2 zuwa 4. Wannan ba a ƙera shi, da ka buga sai ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli.

Gwaji biyu ne. Na farko, a goga shi a injin wasa ƙarfe: mai ƙarancin kabon na fitar da dogon tartsatsi miƙaƙƙe, mai yawa kuwa tartsatsinsa na fashewa yana rassa kamar kan gero mai fure. Na biyu ya fi tabbas. Yanki ɗan guntu, ka buga shi ya yi siriri, ka gasa ya yi ja, ka tsoma a ruwa, ka goga masa magagari. In magagari ya zame bai kama ba, ƙarfen na ɗaukar tauri.

Ƙarfen beto, wato rodi, ba shi da alƙawari. Sanda ɗaya ta yi laushi, ƴar'uwarta ta karye. Yana da kyau ga koyo, ga ƙugiya da awartaki, amma ban da abin yanka.

Me zan fara ƙerawa? Ni wuƙa nake so.

Kowa wuƙa yake so. Yi haƙuri da ita tukuna.

Fara da tsinken gasa nama: ka fiƙe baki, ka lanƙwasa gindi ya yi zobe. Daga nan ƙugiyar rataye kaya, sai matonin wuta, sai ƙusa mai kai, sai ɗan murhun ɗora butar shayi. Ƙananan abubuwan nan su ke ɗauke da duk darasin: jan ƙarfe ya yi tsawo, fiƙewa, faɗaɗawa, lanƙwasa, murɗawa. Sirrin fiƙe sanda mai zagaye shi ne kada ka bi ta a zagaye. Mayar da ita mai kusurwa 4, ka ja ta har inda kake so, sannan ka kashe kusurwoyin ta zama mai 8, sannan ta koma zagaye. Wanda ya tsallake wannan, bakin ƙarfensa zai tsage kamar asawaki.

Kuma kada ka yi guda ka wuce. Yi goma iri ɗaya, ka jera su a ƙasa bisa yadda suka zo. Ta ɗaya da ta goma za su gaya maka abin da ni ba zan iya ba.

Me ya sa kake cewa mutum ya ƙera kayan aikinsa da kansa, alhali ana sayarwa?

Don ƙira ce sana'ar da ke haifar kayan aikinta. Masassaƙi na zuwa wajen maƙeri neman gizago, wanzami na zuwa neman aska, baduku na zuwa neman basilla, maƙeri kuwa ba ya zuwa wajen kowa. Kurfi na yanka da madoshi na huda su ne na farko, daga guntun lam ko sandar ƙarfe mai tauri. Da su za ka yi awartaki, da awartakin ka riƙe abin da za ka yi masaba ta biyu.

Awartaki shi ne jarrabawar mai koyo. Sanda biyu masu kaurin milimita 12 zuwa 16, tsawon kamu biyu. A kowace za ka fitar da baki, ka juya sandar kwata ka fitar da kunnen da za a huda, ka sake juyawa ta wannan gefen dai ka fitar da mariƙi. Nan ne na faɗi. Hankalina ya ba ni cewa tunda ɗaya dama ce ɗaya hagu, sai in juya ta biyun ta ɗaya gefen. Na ɓata Asabar guda, na zo haɗawa suka ƙi haɗuwa. Da na kai wa Baba, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Tagwaye ake yi, Mushe, ba miji da mata ba." Ɓangarorin biyu iri ɗaya ne sak, juya ɗaya ake yi a kife ta kan ƴar'uwarta. In ka huda ka sa ƙusa ka daddale kanta, mayar da shi wuta ya yi ja, ka yi ta buɗewa da rufewa har ya huce, sai ya saki.

Awartakin da bai kama ƙarfe da kyau ba shi ne ke harbo maka jan ƙarfe a ƙafa. Shi ya sa maƙeri ke da su da yawa, kowane da bakin da ya dace da aikinsa.

An ce kana rubuta lokacin da kake ɓatawa a maƙera. Abin marmari ne, mene ne na lissafi?

Ga yadda ta faro. Na kai wa Baba ƙugiyata ta farko ina taƙama, na ce, "Baba, awa biyu na yi a kanta." Ya jujjuya ta ya ce, "Ni ban san awa ba. Wuta nawa ta ci?" Na yi shiru, don ban ƙirga ba. Ya ɗauki guntun rodi ya sa a wuta. Fitowa ta farko ya fiƙe baki ɗaya, ta biyu ya fiƙe ɗayan, ta uku ya lanƙwasa duka biyun ya jefa mini a gaba. Wuta uku. Da na koma gida na sake yin irinta ina ƙirgawa, tawa ta ci 14.

Nan na gane cewa agogon maƙeri ba irin namu ba ne. Sanda mai kaurin yatsa, in ta fito daga wuta, abin da kake da shi kafin ta huce bai fi rabin minti ba. Yi lissafi: zaman awa 3, ƙarfe ya shiga wuta sau 40, ainihin bugun minti 20 ne kacal. Sauran duk jira ne, da gyaran wuta, da neman kurfin da ka ajiye ka manta, da tsayawa riƙe da jan ƙarfe kana tunanin inda za ka buga. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kowa ya san karin maganar, amma sai na fara rubutu na ga nawa nake zubarwa. Tunani a cikin wuta ake yin sa, lokacin da ƙarfe ke gasuwa. In ya fito, hannu kaɗai ke da aiki.

Kuma kowace shiga wuta tana da kuɗinta. Gawayi na ƙonewa, ƙarfen kansa na zubar da ɓawo yana ramewa, wanda ya daɗe yana shan zafi kuma ƙwayarsa na yin gautsi. Maƙerin gado ya san duk wannan a jikinsa tun yana ɗan zuga. Mu da muka zo da furfura a gemu, muna da kwana biyu kawai a mako, kaye, wato littafin rubutu, shi ke maye mana gurbin waɗancan shekarun.

To me kake rubutawa, kuma ta yaya, hannu duk baƙi?

Kayen ƴan lakwal ne mai shafi 100, da fensir ɗaure da zare a jikin ginshiƙin rumfa. Biro na daskarewa da ƙura. Ga layi ɗaya daga ciki yadda yake:

Asabar. Awartaki, rodi 12. Hura wuta 6:40, kashewa 9:30. Wuta 41. Gawayi tiya 3. Kunne ɗaya ya yi siriri. Na ƙone baki ɗaya ina hira da maƙwabci.

Ƙirgar wuta ce mai wuyar riƙewa a ka. Dabarata gwangwanin tumatir biyu da ƙwallayen dabino. Duk sanda ƙarfe ya koma wuta, sai in ɗauki ƙwallo ɗaya daga na dama in jefa a na hagu. In an tashi in ƙirga. Aikin sanyi, wato goga da magagari, wasawa da sa ƙota, shi ma ina rubuta lokacinsa daban, don shi ne ɓarawon da ba a gani: wuƙar da ta ci awa 2 a wuta tana iya cin 5 a magagari.

Layin ƙarshe, na kuskure, ya fi sauran amfani. Kafin in hura wuta nakan karanta na makon jiya.

Abin da kayen ya nuna mini wanda ban zata ba: kusan duk ɓarnar da na yi, bayan awa biyu da farawa ta zo. Hannu ya gaji, bugu ya fara karkacewa, zuciya na cewa saura kaɗan. Yanzu in awa biyu da rabi ta cika, ko aiki bai ƙare ba nakan rufe wuta.

Ba a yi da wayar salula?

Ana yi, akwai agogon ƙirga lokaci a kowace waya. Tawa dai tartsatsi ya ɗisa mata tabo a fuska tun makon farko. In kana son jimilla, kwafe daga kaye zuwa waya da dare.

Awa nawa zan yi kafin in iya?

Ban da lamba da zan ba ka, kuma wanda ya ba ka ya ruɗe ka. Abin da zan iya faɗa daga kayena: ƙugiya ta sauko daga wuta 14 zuwa 5 a cikin wata uku, awartakin da ban ji kunyar nunawa ba shi ne na shida. Awa biyu kowane mako ta fi wuni guda cur sau ɗaya a wata, don hannu na mantuwa.

Yaya zan san zafin ƙarfe ba tare da na'ura ba?

Da launi, shi ya sa maƙera ke cikin inuwa. A ranar Yamai, ƙarfen da ke digiri 700 sai ka gan shi baƙi ƙirin. Cikin inuwa kuwa, ja mai duhu wajen 650 zuwa 700 ne, ja sosai kamar gauta wajen 800, ruwan goro wajen 950 zuwa 1000, rawaya wajen 1100. Tsakanin ruwan goro da rawaya ake bugu. In ya koma ja mai duhu, dakata, mayar da shi. Bugun lam a wannan hali shi ke sa masa tsagar da ba za ka gani ba sai ranar ban ruwa, wato tsoma shi yana ja don ya yi tauri. In kuwa ya yi fari yana feshin tartsatsi a cikin wuta, wajen 1300 ke nan, ya ƙone, yanke wurin ka jefar.

To yanzu wuƙar. Yaya ake ba ta ruwa?

Mu ce ta Layya kake so, don a Yamai babu ranar da wuƙa ke da daraja kamar ranar da aka jera raguna a kan itace gefen titi ana gashi. Fara wata biyu kafin Salla.

Bayan ka fitar da siffarta daga lam, kada ka yi gaggawa. Gasa ta ta yi ja, ka bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku. Wannan na kwantar da ƙwayar ƙarfen bayan wahalar bugu. Sai ka gyara ta da magagari, amma ka bar bakin da kaurin kamar milimita 1. Bakin da aka wasa ya yi kaifi kafin ban ruwa, murɗewa yake yi ko ya tsage.

Nemi mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika. A digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi. Gasa ruwan wuƙar a hankali, zafin ya daidaita daga gindi zuwa tsini, kana taɓa mayen. Da ya daina kamawa, ƙara mata ɗan zafi kaɗan, sannan ka tsoma ta tsaye cikin mai, tsini ko baki a gaba, kana motsa ta gaba da baya, ban da gefe da gefe. Man gyaɗa mai ɗumi ya fi, lita biyu ko uku a gwangwanin ƙarfe mai murfi, don in ya kama wuta ka rufe. Baƙin man mota da yawa ke amfani da shi, amma hayaƙinsa guba ne. Almuru ce lokacin da na fi so, launi na fitowa sarai.

Yanzu ta yi tauri, magagari zai zame a kanta, amma gilashi ce. In ta faɗi ƙasa tana iya karyewa. Saura sassautawa, kuma a ranar ake yi. Goge gefe ɗaya ya yi haske, ka ɗora bayanta a kan wani ƙarfe mai zafi, bakin na sama, ka zuba ido. Launi zai taso daga baya yana tafiya wajen baki: ruwan kara wajen digiri 220 zuwa 230, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi mai ja-ja, sai shuɗi sosai wajen 300. Da ruwan kara ya isa baki, tsoma ta a ruwa. Baya shuɗi, baki ruwan kara, ita ce wuƙar da ke yanka ba ta karyewa. Gatari da kurfi ana barin su su ɗan wuce haka, don duka suke sha.

Na ga maƙeran kasuwa da ruwa suke yi, ba mai ba.

Haka ne, kuma yana yi musu. Duba da kyau dai: bakin kawai suke taɓawa da ruwan, su ɗaga, su sake taɓawa, zafin da ya rage a bayan ƙarfen shi ke sassauta shi. Aikin daƙiƙa ne da ido ya shekara 30 yana gani. Ni na gwada na tsoma lam gaba ɗaya a ruwa, na ji ƙas, kamar an karya tsinke. A kaye an rubuta awa 6 a wannan shafin.

Wani lokacin kuma ba laifinka ba ne. Lam ɗin da ya shekara ashirin yana ɗaukar kaya a hanyar Tawa zuwa Agadas yana iya zuwa da tsagarsa a ɓoye.

Mene ne haɗarin da ba a faɗa wa mai koyo?

Ƙarfe mai rufin zinki, irin bututun famfo da kwanon rufi da wasu ƙusoshi masu fari-fari: kada ya shiga wutarka. Zinki na tafasa a digiri 907, farin hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Duk abin da ke rufe ruf, kamar tulun gas ko bututun da aka toshe bakinsa biyu, yana fashewa. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashewa cikin barci, saboda haka rumfa buɗaɗɗiya ko ba komai.

Tufafin auduga, ban da na roba da ke narkewa ya manne a fata. Takalmi rufaffe, ban da silifa. Tabarau na kariya, ko da za a yi maka dariya. Allurar rigakafin sarƙewar haƙora, tunda da tsatsa kake hulɗa. Kuma ƙarfen da ya fi ƙona mutane shi ne baƙi, wanda ya daina ja amma yana da digiri 400. Ware masa kusurwa guda a ƙasa, yaran gida su san ba a zuwa nan. In an ƙone, ruwa mai sanyi minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai.

Maƙwabta ba sa ƙorafi?

Sun yi. Ba na bugu kafin rana ta fito sosai, ba na yi lokacin salla ko ƙailula. Na ɗaure uwar maƙera a kan gungume na zuba yashi a gindinta, amon ya ragu. Sauran kuma tsinken nama da gyaran wuƙaƙen Layya kyauta suka kashe maganar. Uwargida ma sai da na yi mata murhu da matonin wuta ta daina kiran rumfar gidan hayaƙi.

Ana samun kuɗi a ciki?

Kaye zai ba ka amsa, kuma ba za ta yi maka daɗi ba. A ce wuƙa ta ci maka awa 7, ka yi wa kowace awa kuɗi dala 100 kawai. Jika uku da rabi ke nan, ba a sa ƙarfe da gawayi da ƙota ba. Maƙerin Katako zai fitar da irinta da yawa kafin azahar, ya sayar ƙasa da haka, ta kuma fi taka. Masu samun kuɗin kirki a aikin hannu ɗaya-ɗaya su ne maƙeran fari, masu azurfa da tagulla irin na ƙauyen masu sana'a na Wadata da gidan tarihi na Bubu Hama, masu yin kuros ɗin Agadas da na Tawa. Wannan wata sana'a ce daban. Ni abin da nake samu bai wuce kuɗin gawayi ba.

Da bazara da azumi fa, yaya kake yi?

Ba na yi. A Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40 tun kafin azahar, tsayawa gaban wuta neman ciwo ne, balle da azumi a baki. Watannin nan na aikin sanyi ne: goga, wasawa, sa ƙota, zagayen feray da sassafe ana tara ƙarfe. Kafin ruwan farko nakan shafa wa kayan aiki mai, in ɗaga buhun gawayi daga ƙasa in rufe shi, don jiƙaƙƙen gawayi tartsatsi kawai yake yi. Damina ana taɓawa in sama ta yi sanyi. Amma lokacin ƙira na gaskiya shi ne hunturu, sanda mutum ke neman wutar da kansa. A bara, cikin awa 140 da na rubuta, 60 a Disamba da Janairu suka faɗo.